Akwatin Ƙanƙara a Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Sanyi Na Da Sauƙi, Ruwan Ne Aiki

Duk wanda ya sayi kilo 20 na ƙanƙara ya loda a jirgin ruwa, ko ya sani ko bai sani ba, ya sayi lita 20 na ruwa ne da za su nemi hanyar fita nan da 'yan kwanaki. A tudu wannan ba abin damuwa ba ne. Sai a karkata kula a tsiyaye, ƙasa ta shanye. Amma a cikin ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, wato irin jiragen nan da iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallayen da aka ɗaura wa jigo, babu ƙasar da za ta shanye komai. Akwatin ƙanƙarar a gine yake a jikin kicin, ba ya ɗaguwa balle a kife shi. Gindinsa kuma sau da yawa yana daidai da fuskar teku ko ma ƙasa da ita, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don kansa.

Wannan ne ya sa masu irin waɗannan jirage a gaɓar Amurka da Ingila da tsibiran Karibiyan ba sa gajiya da musu a kan 'yar hudar da ke ƙasan akwatin. Wani ya ce a toshe ta, wani ya ce a bar ta a buɗe, wani ya ce a jona mata famfo. Idan aka bi musun a tsanake za a ga tambayoyi uku ne suka sarƙe da juna: shin ruwan da ya narke yana da amfani ko cuta ne, ina ya kamata ya tafi idan an fitar da shi, kuma me yake biyo shi ya fita ko ya shigo ta wannan hanya. Wanda ya warware ukun nan ya gama da yawancin wahalar akwatin, domin wari da ruɓar katako da saurin narkewar ƙanƙara duk daga nan suke tasowa.

Matsalar ta girmi firji

Tun kafin a san firji mutane ke ɗaukar ƙanƙara a jiragen iska, kuma tun lokacin ruwan narkewa ke ba su ciwon kai. A 1806 wani ɗan kasuwar Boston mai suna Frederic Tudor ya loda ƙanƙarar da aka yanko daga tafki ya tura ta tsibirin Matinik. Ya tafka asara, amma bai haƙura ba. A 1833 jirgin Tuscany ya tashi daga Boston da tan 180 na ƙanƙara, ya yi kimanin wata huɗu a teku, ya ƙetara yankin zafi har sau biyu, ya isa Kalkata ta ƙasar Indiya da kusan tan 100 a daskare. Ba wani asiri a ciki. An jera manyan dunƙulaye a matse babu rata, an lulluɓe su da garin katako, an hana iska shiga. Rumbunan ƙanƙara na wancan zamani su ma ana gina su ne da magudana a ƙasa don kada kayan su zauna cikin ruwansu, akwatunan ƙanƙara na gidaje kuwa suna da tire a ƙarƙashi wanda ake zubarwa kullum.

Injin sanyaya kaya ya hau jirgin iska tun 1882, lokacin da jirgin Dunedin ya kwaso yankakkun tumaki kusan 5,000 a daskare daga Niyu Zilan zuwa Landan cikin kwana 98. Amma wannan inji ne mai aiki da tururi, yana cin gawayi, ba abin da zai shiga jirgin mutum huɗu ba ne. Don haka da aka fara ƙera ƙananan jiragen shaƙatawa da faibagilas da yawa a shekarun 1960 da 1970, kamfanoni irin su Pearson da Catalina a Amurka da Westerly a Ingila sun fi sa akwatin ƙanƙara ne a kicin. Faibagilas ba ya saurin mutuwa, shi ya sa dubban waɗannan jirage suna kan ruwa har yau, sun wuce daga hannu zuwa hannu, kowane sabon mai shi ya gaji akwatin da tiyonsa da warinsa.

A zubar ko a bari?

Lissafin farko mai sauƙi ne. Ƙanƙara ba don tana da sanyi kawai take sanyaya abinci ba, narkewar da take yi ita ce aikin. Kafin kilo ɗaya na ƙanƙara ya zama ruwa sai ya zuƙe zafin da ya kai kilojul 334, wato adadin zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80 a ma'aunin Salsiyas. Da zarar ta narke, ruwan yana nan a digiri 0, amma ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kafin ya hau zuwa digiri 4, inda abinci ya fara shiga haɗari, abin da zai iya zuƙa bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ƙanƙarar ta zuƙa ba. Saboda haka mai cewa zubar da ruwan asarar sanyi ce yana da gaskiya, sai dai asarar ba ta kai yadda yake zato ba.

Masu cewa a bari suna da wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ruwa ya fi iska kai zafi daga wuri zuwa wuri da fiye da ninki ashirin, don haka kwalbar da ke nutse cikin ruwan ƙanƙara tana yin sanyi da sauri, kuma ta kowane gefe. Mai sayar da zoɓo da kunun aya a kula lokacin azumi ta san wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa ba ta tsiyaye ruwan kularta sai ta tashi kasuwa. Tana da gaskiya, domin kayanta duk a ɗaure suke cikin roba da leda, kularta a ajiye take wuri guda, kuma zuwa isha'i ta sayar ta wanke.

A jirgi babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗan. Na farko, jirgi ba ya zama wuri guda. Igiyar ruwa na jijjiga shi dare da rana, ruwan cikin akwatin yana kai da komowa, yana dukan bango ya kwaso ɗumi, ya dawo ya zaizaye dunƙulen ƙanƙarar ta ƙasa. Na biyu, ba lemon kwalba kaɗai ke ciki ba. Akwai ɗanyen nama da kifi da madara da man shanu da ganye. Ledar nama ta ɗiga, murfin madara ya saki, takardar jikin kwalba ta jiƙe ta saɓule, duk su haɗu a ruwa guda, wannan ruwan kuma ya bi ya shafi bakin kwalbar da za a sha da tumatirin da za a ci ɗanye. Na uku, tafiyar ta kwanaki ce. Sanyi yana rage wa ƙwayoyin cuta gudu ne kawai, ba ya kashe su, wasu ma irin su Listeriya suna ci gaba da hayayyafa a sanyin firji. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa iyakar ajiye abinci mai saurin lalacewa a digiri 4, daga nan zuwa digiri 60 kuwa fili ne na yaɗuwar ƙwayoyin cuta.

To hukuncin ya danganta ne da abin da ke cikin akwatin. Idan abin sha ne zalla a rufe, na yini ɗaya ko biyu, a bar ruwan. Idan akwai abinci, musamman ɗanye, ruwan ba shi da wurin zama. Matsakaiciyar hanyar da gogaggun matuƙa ke bi ita ce a sa raga ko katakai masu rata a ƙasan akwatin, su ɗaga ƙanƙara da abinci sama da santimita kaɗan, ruwan ya taru a ƙarƙashi yana ba da ɗan sanyinsa ba tare da ya taɓa komai ba, sannan a janye shi sau ɗaya ko biyu a rana.

Ina zai tafi?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren da yawa daga masana'anta ya fito. Hanya mafi arha ga mai ƙera jirgi ita ce ya jona tiyo a hudar akwatin ya sake shi cikin kwarmin jirgi, wato wurin nan mafi zurfi da ke ƙarƙashin daɓen katako, inda duk ruwan da ya shigo jirgi ke gangarawa kafin famfo ya fitar da shi. A takarda tsarin ba shi da laifi: ruwa ya gangara da kansa, famfon kwarmi ya watsa shi teku. A aikace kuwa famfon ba ya taɓa tsotse kwarmi ƙarƙaf. Kullum akwai saura, kuma wannan sauran yanzu ya gauraya da romon nama da madara, a wuri mai duhu da ɗumi kusa da inji. Ruwa ba ya tsami banza. Mai jirgi zai wanke banɗaki, ya shanya katifu, ya fesa turare, amma ɗoyin na nan, domin daga ƙarƙashin ƙafarsa yake tasowa.

Wari ma shi ne ƙaramin laifin. Gutsattsarin abinci da takarda suna toshe ƙananan hudojin da ruwa ke bi tsakanin sassan kwarmin, suna maƙale wa makunnin famfo mai tashi da kansa idan ruwa ya taru, wanda shi ne mai gadin jirgi idan babu kowa a ciki. A jirgin katako abin ya fi muni, domin ruwan narkewa ruwan daɗi ne, kuma maƙeran jiragen katako sun daɗe da sanin cewa ruwan daɗi ya fi na gishiri saurin ruɓar da itace. A jirgin faibagilas ma ruwan da ke kwance kullum a kan manyan kusoshin da ke riƙe da nauyin ƙarƙashin jirgi ba alheri ba ne a gare su. Akwai kuma batun mai. Idan inji na ɗigar da baƙin mai ko dizal cikin kwarmi, kowace litar ruwan ƙanƙara da ta gangara can ta zama gurɓataccen ruwa, kuma a Amurka zubar da ruwan da ke barin ƙyallin mai a fuskar teku laifi ne mai tara. Sannan kwarmin da kullum yake jiƙe yana ɓoye wa mai jirgi labari. Wanda kwarminsa busasshe ne, ranar da ya ga ruwa ya san wani wuri na yoyo. Wanda ya saba ganin ruwa ba zai farga ba sai abin ya yi nisa.

Hanya ta biyu ita ce a kai tiyon cikin wata jarka ko ƙaramin akwati mai murfi da aka ajiye a kwarmin. Wannan ya raba ruwan da jikin jirgi, kuma ba ya cin kuɗi. Aibinsa mantuwa: ranar da aka manta ba a zubar ba, jarkar ta cika ta tumbatsa, an koma gidan jiya. Wasu suna sa ƙaramin famfon lantarki mai tashi da kansa a cikin akwatin taruwar ruwan, irin wanda ake sa wa ruwan wanka. Yana aiki, amma shi ma sai ana buɗe shi ana wankewa, in ba haka ba warin ya sauya mazauni ne kawai.

Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da yawancin jirage, ita ce famfon hannu ko na ƙafa da zai tsotso ruwan daga gindin akwatin ya zuba shi a kwanon wanke-wanke na kicin, daga can ya bi hanyar da ruwan wanke-wanke ke bi zuwa teku. Famfunan ƙafa irin na kamfanin Whale sun yi suna a wannan aiki. Ba sa cin batir, mai girki yana takawa hannunsa na kan tukunya, kuma yana ganin abin da ke fitowa da idonsa. Idan ruwan ya fito da kala ko ƙarni, ya san wani abu ya fashe a ciki. Wasu don tsimi suna haɗa wannan tiyo da famfon da ke jawo ruwan teku don wanke kwanuka, su sa bawul mai zaɓen hanya a tsakani. Dabara ce, amma tana da haɗari: idan aka bar bawul ɗin a karkace ko ya fara yoyo, ruwan teku zai iya bin tiyon ya cika akwatin, tun da gindinsa yana ƙasa da fuskar teku. Kada kuma a kuskura a haɗa shi da famfon ruwan sha. Kowace hanya aka bi, a sa mataci tsakanin akwatin da famfon, domin ƙwayar shinkafa ɗaya ta isa ta hana bawul ɗin roba rufewa.

Me zai hana a huda jikin jirgin a fitar da tiyon kai tsaye? Jirgi mai filafilai ba a miƙe yake tafiya ba. Idan iska ta cika ƙyallen yakan kishingiɗa digiri 15 zuwa 25, ya daɗe a haka. Hudar da ke sama da ruwa lokacin da jirgi ke tsaye a tasha tana iya nutsewa da zarar ya karkata, sai hanyar fita ta zama hanyar shiga. Kowace huda a jikin jirgi ƙarin haɗari ce, ba a ƙara ta saboda ruwan ƙanƙara. Wannan kishingiɗar ce kuma ke sa magudanar da ke gefe guda ta yi aiki idan jirgi ya karkata dama, ta ƙi idan ya karkata hagu. Idan tiyon a buɗe yake cikin kwarmi, ƙazamin ruwan kwarmin ma yana iya biyo shi ya hau cikin abinci.

Hanya ta huɗu ita ce a toshe hudar gaba ɗaya, a riƙa kwashe ruwan ta sama da soso ko ƙaramin famfon hannu. Tana da wahala idan akwatin mai zurfi ne, sai mutum ya zura rabin jikinsa, kuma murfi na buɗe duk tsawon aikin. Amma babu abin da zai lalace a cikinta.

Ɓarawon da ba a gani

Ko da ruwa bai zama matsala ba, buɗaɗɗen tiyo yana satar sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, ƙasa take nema. Dalilin ke nan da ya sa akwatunan jirgi suke da murfi a sama maimakon ƙofa a gaba: a buɗe murfin, sanyin na kwance a ciki bai zube ba. To amma idan akwai huda a gindi, wannan iskar mai nauyi za ta riƙa zurarewa ta tiyo dare da rana, iska mai ɗumi da laima kuma tana shigowa ta gefen murfi ta maye gurbinta. Mai jirgi zai yi ta zargin mai sayar da ƙanƙara, alhali ƙofa ya bari a buɗe.

Maganin tsoho ne, shi ne wanda masu aikin famfo ke yi a ƙarƙashin kowane kwanon wanke hannu: a lanƙwasa tiyon ya yi ƙasa ya dawo sama kafin ya wuce, yadda ɗan ruwa zai zauna a lanƙwasar kullum ya tare hanyar iska. Ruwa na wucewa, sanyi ba ya fita, warin kwarmi ba ya hawowa. Sai dai wannan ɗan ruwan da ke zaune shi ma yana yin yauƙi, kuma jijjigar jirgi na iya zubar da shi. Shi ya sa wasu suka fi son bawul na hannu a tiyon, a buɗe lokacin tsiyayewa a rufe bayan an gama. Famfo mai bawul a cikinsa yana yin wannan aikin da kansa.

Bangon akwatin

Yawan ruwan da za a yi fama da shi ya danganta ne da yawan zafin da ke ratsa bango. Masu rubutu kan gyaran jirage, irin su Nigel Calder, sun daɗe suna nanata cewa kaurin abin tare zafi shi ne kan gaba. Abin da aka saba ba da shawara shi ne kimanin santimita 10 na busasshen soso mai rufaffun ƙofofi, a yankin zafi ma a ƙara. Da yawa daga tsofaffin jirage ba su kai rabin haka ba, wasu kusurwoyin ma fanko ne, ga akwatin an manna shi da ɗakin inji ko da jikin jirgi inda rana ke duka. Ƙa'idar a fili take: idan aka ninka kaurin bango, zafin da ke ratsawa yakan ragu da kusan rabi.

A nan ma ruwa ne abokin gaba. Idan mahaɗar tiyo da gindin akwatin tana yoyo, ko rufin ciki ya tsage, ruwan zai tsuma soson a hankali, jiƙaƙƙen soso kuwa ya daina tare zafi, ya koma mai kai shi. Alamominsa su ne gumi a bayan akwatin, baƙin tabo ko laushi a katakon da ke kewaye, da warin da ba ya fita ko an wanke ciki fes. Idan abin ya kai haka, wanki ba zai yi magani ba, sai an farke an sake.

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. A sa ƙanƙara a akwatin na yini guda don bangon ya huce. Sannan a auna wani dunƙule a sikeli, a sa shi, a rufe, kada a buɗe har awa 24, a sake aunawa. Kowane kilo da ya narke daidai yake da zafin wat 93 na tsawon awa guda. Idan misali kilo 5 ya tafi, zafin da ke shiga akwatin ya kusa wat 20 ba dare ba rana. Da wannan adadi mutum zai san ƙanƙarar da tafiyarsa ke bukata, ya kuma gane ko gyaran da ya yi ya yi amfani. Murfi ma a gwada shi: a maƙale takarda a bakinsa a rufe a ja, idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar bakin ta mutu. Ko a kunna tocila a ciki da dare a duba inda haske ke leƙowa.

Wanki da tsabta

Bayan kowace tafiya a kwashe komai, har ragar ƙasa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bi kusurwoyi da bakin magudana da tsohon buroshin haƙori. Don kashe ƙwayoyin cuta, babban cokali ɗaya na bilic a cikin kimanin lita 4 na ruwa ya wadatar. A bar shi 'yan mintoci, a tura shi ta tiyo da famfo don su ma su samu, sannan a bi da ruwa mai yawa, domin bilic idan ya zauna yana cin roba da ƙarfe. Garin soda na girki da aka dama da ruwa yana ɗauke ƙarni ba tare da ya kankare fuskar akwatin ba, ruwan khal kuma yana taimakawa wajen fumfuna. Amma kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal ko da wani abin wanki mai amoniya. Haɗin yana fitar da iska mai guba, cikin jirgi kuwa ɗaki ne matsattse.

Tiyo shi ne wurin da aka fi mantawa. Cikinsa yana tara yauƙi mai kauri da ido ba ya gani, kuma tsohuwar roba tana shan wari har ya ratsa ta. Idan aka goga jiƙaƙƙen tsumma a bayan tiyon aka sansana aka ji ɗoyi, lokacin sauya shi ya yi. A zaɓi mai santsin ciki, a ɗaure bakunansa da maɗaurin ƙarfen da ba ya tsatsa. Bayan wanki a goge akwatin ya bushe, a tokare murfin a buɗe. Rufaffen akwati mai laima ba ya kai mako biyu bai yi fumfuna ba.

A ƙasashen sanyi, inda ake fitar da jirage tudu lokacin hunturu, akwai ƙarin aiki. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya fasa famfo ko ya tsaga mahaɗar tiyo. Don haka ana tsotse layin ƙarƙaf, ko a tura masa maganin hana daskarewa marar guba wanda ake yi don bututun ruwan sha, ba irin na lagireton mota ba, domin wancan guba ne.

Rage ruwan tun daga tushe

Wanda ya fi kowa hutawa shi ne wanda bai bar ruwan ya zuba ba tun farko. A cika robobi da ruwan sha, a bar musu ɗan sarari a sama saboda kumburi, a daskarar da su a gida. Suna sanyaya akwatin kamar kowace ƙanƙara, idan sun narke ruwan na cikin roba, kuma ga abin sha mai sanyi a wurin da ruwan daɗi ke da tsada. Idan dole sai an sayi ƙanƙara a tasha, babban dunƙule ya fi ƙanana daɗewa nesa ba kusa ba, saboda fuskar da zafi ke taɓawa kaɗan ce idan aka kwatanta da nauyinsa. A sa shi cikin roba mai zurfi ta kansa, ruwansa ya taru a can. Kada a ɗauka kowace ƙanƙarar kasuwa ta sha ce, wata don sanyaya kifi kawai aka yi ta.

Sauran dabarun sanannu ne. A sanyaya akwatin tun daren jajibiri da ƙanƙarar da aka sadaukar. Kada a sa abu mai ɗumi, nama ma a shigo da shi a daskare cikin mazubi mai murfin da ba ya ɗiga, a ajiye shi can ƙasa kusa da ƙanƙara, ganye da 'ya'yan itace a sama. Abin sha, wanda shi ke sa a riƙa buɗe murfi kowane lokaci, a ba shi kularsa daban. Idan kaya sun ragu a shimfiɗa wani soso a kansu don rage sararin da ake sanyayawa a banza. A ajiye ma'aunin zafi a ciki, a daina dogara da taɓawar hannu.

Wasu sukan ɗauko busasshiyar ƙanƙara, wadda ba ruwa ba ce, iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Ba ta narkewa ta zama ruwa, iska take komawa, don haka kamar ta raba gardama. Amma kilo ɗaya nata yana fitar da fiye da lita 500 na iskar da ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta da wari, kuma tana gangarawa ta kwanta a ƙasan jirgi, daidai inda mutane ke barci. A rufaffen jirgi wannan na iya kisa. Tana kuma ƙona fata, tana iya tsaga rufin cikin akwatin.

In za a koma firji

Yau ƙananan kwamfuresoci masu aiki da batir mai bolt 12, irin waɗanda Danfoss ya yi suna da su, tare da arahar farantan sola, sun sa mutane da yawa suna mayar da tsohon akwatin ya zama firji. Tsarin yana da kyau, amma ba ya yafe laifin akwatin. Firji a ƙaramin jirgi sau da yawa shi ne ya fi komai shan batir, kuma duk zafin da ya ratso siririn bango ko ya shigo ta buɗaɗɗen tiyo, batir ne zai biya. Idan an sa firji, hudar ƙasa a toshe ta da matoshin da ake iya cirewa ranar wanki, tun da ruwan da zai riƙa taruwa kaɗan ne, na raɓa da na narkar da dusar da ta kama farantin sanyi.

Saboda haka wanda ya gaji tsohon jirgi ya bi abin daki-daki. Ya fara bin tiyon da hannunsa ya ga inda ya ƙare, in cikin kwarmi ne ya raba su a ranar. Ya sa lanƙwasa ko bawul, ya sa mataci da famfo. Ya sauya robar murfi, ya yi gwajin sikeli, ya ƙara wa bango kauri inda hannu zai kai. Duk wannan bai kai kuɗin kwamfuresa ɗaya ba. Bayan ya gama ne zai iya sanin ko yana bukatar firjin da gaske. Mai fita ƙarshen mako ko tafiyar kwana huɗu zuwa biyar sau da yawa zai tarar ba ya bukata, mai niyyar ƙetare teku kuwa zai sayi ƙaramin inji da ƙaramin batir maimakon manya.